Tseren Malam Barewa A Kan Allo

Idan kana son shayinka ya huce ba ka kurɓa ba, zauna kusa da Malam Barewa a ɗakin malamai ka ce masa, "Malam, wai da gaske kun yi gudu a zamaninku?" Shi ke nan, ka jawo wa kanka. Zai ture kofinsa gefe, ya gyara wa tumbinsa zama a kan cinya, ya ba ka labarin ranar da ya yi tseren mita ɗari, ya isa, ya sha ruwa, ya sake ɗaure igiyar takalmi, sannan na biyu ya iso yana haki. Bara mita ɗari ne. Bana ya zama ɗari huɗu, har da ruwan sama. Shi ya raɗa wa kansa sunan Barewa, kuma da yake ba a yi wa mutum gardama a kan sunansa, kowa ya bi.

Shekara goma sha ɗaya yana koyar da darasin motsa jiki a makarantar, amma ko sau ɗaya bai taɓa fitar da yaro fili ba. A allo ake gudu, a allo ake tsalle, a allo ake buga ƙwallo. Ya zana da'ira ya ce, "Wannan ita ce ƙwallo, ku kwafa." Yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa da maki mai kyau. Filin makaranta kuwa yana can bayan azuzuwa, ciyawa ta kai gwiwa, ƙadangaru ne kaɗai ke motsa jiki a cikinsa.

Yana da aiki na biyu wanda ba wanda ya ɗora masa, wato hana gudu. Usur ne na ƙarfe rataye a wuyansa, ko wanka zai shiga sai matarsa ta tuna masa ya cire. Da ya hango yaro ya ɗaga ƙafa da sauri a baranda sai ya busa, ya ce, "Wa ke gudu a nan? Kama kunnenka." Hujjarsa ita ce yaro zai faɗi ya fasa baki, iyaye su zo da ƙorafi. A hankali yaran makarantar suka koyi wata irin tafiya ta masu zuwa dubiya, hannu a baya, ido a ƙasa, muddin Malam Barewa na kusa.

Ran nan Shugabar makaranta ta tara malamai, ta ɗaga wata takarda daga ofishin ilimi. An ce yara sun yi yawan zama a aji har jikinsu ya mutu, daga yanzu a fili za a riƙa yin darasin motsa jiki, kuma ranar Alhamis ta sama mai duba makarantu zai zo ya gani da idonsa.

"Malam Barewa," in ji ta, tana kallonsa ta saman tabarau, "ba zan ɓoye maka ba. In ka ga abin zai yi maka nauyi, ga sabon malamin da aka turo mana, abin da ya karanta ke nan. Sai ka miƙa masa usur, kai kuma ka koma ɗakin ajiye littattafai."

Ɗakin nan wani lungu ne a ƙarshen baranda, taga ɗaya, ba mai shigarsa sai gara. Wa zai ba labari a can? Amma bakinsa bai jira shawarar zuciyarsa ba.

"Ranki ya daɗe, ai takardar nan kamar ni na rubuta ta. Shekara nawa ina cewa a fitar da yaran nan?"

"Yaushe ka faɗa?" in ji malamin lissafi.

"A zuci. Ranar Alhamis za ku ga tsere, za ku ga dogon tsalle. Yaran da suka bi ta hannuna? Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Sabon malamin, wani siririn saurayi mai kunya, ya ce, "Malam, in ka yarda sai in taya ka fitar da su gwaji, ko sau biyu ne kafin ranar."

"Ɗana, lokacin da nake tashi sama kai kana goye. Zauna ka kalla, kallo ma karatu ne."

A gida ya sa matarsa ta tono masa kayan wasanninsa daga ƙasan akwati. Rigar ta shiga da kyar. Gajeren wandon ya hau har gwiwa ya tsaya, ya ce iyakarsa ke nan.

"Yawan wankin da kike masa ne ya sa ya tsuke."

"Wandon da rabonsa da ruwa tun kafin a haifi babbar 'yarka?" in ji ta. "Baban yara, ka je ka gaya wa matar nan gaskiya tun da sauran mutunci. Ni dai tunda na aure ka gudu ɗaya na ga ka yi, ranar da ɓera ya shigo ɗaki."

"Wancan kofin fa? Shi ma ƙarya yake?" Ya nuna wani kofin gasa mai ƙyalli a kan kabad, wanda take zuba maɓallai da allurai a ciki.

"Kofin da muka saya tare a gwanjo? Ni ma na yi cinikinsa."

"To, da ban cancanta ba ai da ba a sayar mini ba."

Ta farke ɗinkin wandon ta ƙara masa ƙyalle a gefe biyu, tana yi tana girgiza kai, ta ce ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Kwana tara ke gare shi. Mai hankali da ya fitar da yara ko sau ɗaya ya ga abin da za su yi. Malam Barewa kuwa ya ce sai kai ya gane ƙafa ke bi, don haka ya ninka darasin allo. Ya zana filin tsere, ya zana ɗan mutum a tsugune, ya zana shi a guje, ya sa 'yan aji biyar suka haddace ma'anar gudu har ko a barci aka tashe su za su kawo ta. Sau biyu ya leƙa waje da niyyar fita da su, ya ga rana, ya dawo ya ce gobe.

Lokacin da ya rage kuwa ya kashe shi wurin gayyata. Shago-shago ya bi a kan titin makarantar.

"Maigida tela, ranar Alhamis ka rufe shagon nan ka zo ka ga abin da ba a gani sai a talabijin."

"Kai ma za ka yi gudun, Malam?"

"In na yi wa zai gani? Ƙura kawai za ku tarar."

"To zan zo da zare da allura," in ji tela, yana kallon tumbin. "Ba a sani ba."

Baba mai gadi aka sa ya sare ciyawa. Malam Barewa ya bi da farar ƙasa yana jan layi, yana awo da taku. Da yake takun mai ƙarfi da na wanda ya gaji ba ɗaya ba ne, layukan suka fara su shida, suka ƙare su huɗu a gindin tankin ruwa.

Ranar Laraba da rana aka zo kan ramin dogon tsalle. An haƙa, saura yashi. Can gefen katangar da ake gyara Malam Barewa ya hango tulin yashi mai laushi, launinsa toka-toka, magini ya tafi cin abinci ya bar shi.

"Baba, ɗauko baro."

"Malam, wannan yashin fa an riga an..."

"Baba, gadi aka ɗauke ka ko koyarwa?"

"Gadi."

"To yi gadin bakinka."

Baro huɗu suka juye a ramin. Malam Barewa ya ɗebi yashin ya murza, ya ce irinsa ake zubawa a manyan filayen duniya. Don ya ƙara laushi sai ya sa aka yayyafa masa ruwa bokiti uku, ya bi da katako ya shafe samansa sumul, ya kewaye shi da igiya, ya ce duk wanda ya taka kafin baƙo ya gani zai kama kunne har a tashi. Baba mai gadi ya buɗe baki, ya tuna aikin da aka ɗauke shi, ya rufe.

Alhamis ta yi. Tela ya rufe shago, mai gyaran keke ya ɗare katanga, iyaye mata suka jeru a inuwar bishiya. Matar Malam ta tsaya can baya, inda za ta iya sulalewa in abin ya ɓaci. Aka ajiye wa mai duba makarantu kujera, wani dattijo mara yawan magana, agogo a hannu, littafi a cinya.

Abin da ya fara fitowa daga aji shi ne allo. Yara huɗu suka kinkimo shi da ƙafafunsa suka kafa a bakin fili.

"Wannan fa?" in ji Shugaba ƙasa-ƙasa.

"Ranki ya daɗe, soja ba ya fita ba bindiga."

Ya ɗauki alli ya rubuta ma'anar gudu da manyan baƙaƙe. Sannan yara arba'in suka fito a layi, kowa da littafi da biro, suna ƙifta ido saboda hasken rana.

"Ku ajiye littattafai. Yau da ƙafa za mu yi."

Monitar ajin, wata gajeriyar yarinya mai kaifin baki, ta ɗaga hannu. "Malam, zai fito a jarrabawa?"

"Ku hau layi."

Ya jera shida na farko. Ya juya wajen baƙo ya ce a shirya agogo, kuma kada a ƙifta ido, don in aka ƙifta an yi asarar kallo. Ya cika kumatu ya busa usur.

Yara shidan da ke kan layi suka kama kunnuwansu. Talatin da huɗun da ke gefe su ma suka kama. Har wani ɗan aji ɗaya da ke wucewa zuwa famfo ya ajiye kofinsa a ƙasa ya kama nasa.

Sai dariya ta ɓarke daga kan katanga.

"Malam, an tashi ne ko tukuna?" in ji mai gyaran keke.

"Ɗumama jiki ne," in ji Malam Barewa, gumi na bin bayan wuyansa. "Daga kunne ake farawa. Jijiyar gudu a nan take."

Mai duba makarantu ya rubuta wani abu a littafinsa. Malam Barewa ya matsa kusa da yaran ya rage murya. "Ku saki kunnen nan, 'ya'yan albarka. Gudu nake so. Gudu."

Suka kalli juna. Monita ta ba da alama da kai, sai murya arba'in ta tashi lokaci guda: "Gudu shi ne ɗaga ƙafafu da sauri, ɗaya bayan ɗaya, domin jiki ya bar wani wuri zuwa wani wuri. Gudu iri uku ne..."

"Ba faɗa ba. Yi za ku yi."

"A makaranta, Malam?" in ji wani yaro a tsorace. "A gabanka?"

"Na yafe. Yau na halatta. Ku tafi."

Suka tafi, hannu a baya, ido a ƙasa, kowa na satar kallonsa, kowa na ƙoƙarin kada ya wuce ɗan'uwansa. Yaran nan sun san tarko in sun gan shi: wanda ya fara gudu shi zai fara shan hukunci. Tela ya bi gefen fili da tafiyarsa ta kullum, ya riga su isa tsakiya, ya tsaya yana jiransu.

"Wancan na biyun nawa ne," in ji wata uwa daga inuwa. "A gida ko kaza ba ta tsere masa. Me kuka yi wa yarona?"

Mai duba makarantu ya tashi ya nufi layin don ya gani da kyau. Yana sa ƙafa a fili 'yan tseren suka tsaya cak, suka juyo suka haɗa baki, "Barka da zuwa, Malam," kamar yadda aka koya musu in baƙo ya shigo aji. Ya yi musu alama da hannu su ci gaba. Suka ce, "Mun gode, Malam," suka zauna a ƙasa.

"Ga 'ya'yan barewa can sun sami wuri," in ji malamin lissafi a kunnen Malam Barewa.

Shugaba ta dubi usur ɗin da ke wuyansa, ta dubi sabon malami. Malam Barewa ya ga kallon nan, ya ji ƙanshin ƙurar ɗakin littattafai a hancinsa. Dabara ɗaya ta rage masa.

"Yallaɓai, yaro sai ya ga misali. A cire igiyar ramin can. Zan nuna musu dogon tsalle irin na da."

"Baban yara," in ji wata murya daga baya. Bai juya ba.

"Malam," in ji Baba mai gadi.

"Baba, me muka ce game da bakinka?"

Ya ja da baya har gindin tanki, ya sa usur a baki don kada ya riƙa dukan ƙirjinsa, ya taso. Rabonsa da gudu tun ranar ɓeran nan, kuma jiki ya gaya masa haka tun a taku na uku. Tumbi na gaba, shi yana biye, usur na kuka da kowane numfashi, yara na kama kunne suna saki, suna kamawa suna saki. Ƙyallen da matarsa ta ƙara ya ba da haƙuri a taku na goma. Ya iso bakin rami, ya tashi sama kamar tsawon tafin hannu, ya sauka.

Ƙarar da aka ji ba ta yashi ba ce. Siminti ne magini ya gauraya da yashi, aka shayar da shi bokiti uku, aka bar shi ya kwana, ya zama daɓe mai kyau wanda ko mota za ta hau. Idon sawun Malam ya gurɗe, ƙafafu suka yi sama, ya zube rigingine.

Sai ga magini ya kutso cikin taro. "Ashe nan simintina ya kwana. Tun jiya nake nema." Ya ƙwanƙwasa daɓen da diddige. "Amma wa ya shafe shi? Hannunsa na da kyau."

Malam Barewa na kwance yana jin komai. Ƙafar na zafi, amma ba ta kai kunya zafi ba. Ya auna: in ya tashi sai ya haɗa ido da Shugaba, da tela, da matarsa, ga wando a yage. Sai ya yanke shawarar da ta fi duk wadda ya yanke a makon hikima, ya suma. Ya rufe ido gam, ya saki hannuwa, ya bar usur ya zame daga bakinsa.

"Malam ya mutu," in ji wani yaro, sai kuka.

"Bai mutu ba, ga tumbinsa nan na motsi," in ji monita. "Ku ɗauko allo."

Kafin manya su gama shawarar wa zai nemo mota, yara sun kwantar da allo, sun mirgina malaminsu a kai, sun kewaye shi ta kowane gefe sun ɗaga. Asibitin unguwa yana ƙarshen titi. Ya ji numfashin wani kusa da fuskarsa kamar ana duba shi, sannan ya ji muryar monita. "Ku ruga."

Suka fita ƙofar makaranta da shi a guje. Iska ta riƙa kaɗa kunnensa, irin iskar da ya shekara da shekaru yana ba da labarinta bai taɓa jin ta ba. Masu gajiya na saki, wasu na karɓa, ba a tsaya ba. Suka tsallake kwata da shi, dogon tsalle na gaske, hanjinsa ya taɓo maƙogwaro. Ya so ya ce a yi a hankali, ya tuna a sume yake. Sabon malami na gefe yana gudu yana tare musu ababen hawa. Mai gyaran keke ya biyo su a kan keke, bai kamo su ba sai a ƙofar asibiti. Mai duba makarantu ya iso daga baya yana haki, idonsa a kan agogo.

Nas ta duba ƙafar ta ce targaɗe ne. Ta duba fuskar ta ce wannan suman ba na asibiti ba ne, mai shi ne zai sallami kansa. Da aka juya shi za a zare allon, sai ga ma'anar gudu kwance a bayan rigarsa da farin alli. Bai buɗe ido ba. Yana jin ɗakin na cika da mutane.

"Yarinya," muryar mai duba makarantu ce, "ɗazu an ce ku yi gudu kun ƙi. Yanzu kun yi wanda ban gani ba a duk makarantun da na zaga, da kaya ma a hannu. Me ya canza?"

"Idon Malam a rufe yake, Yallaɓai," in ji monita. "Sai da na duba."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan shirun ya fi dariyar kan katanga ciwo. Shekara goma sha ɗaya yana zaton shi ke koya musu gudu, ashe shi ne ya tsaya tsakaninsu da shi. Yaran da ya sa kamun kunne har ba adadi su ne suka ɗauko shi, wani ma har yanzu yana shessheƙa a bakin ƙofa. Ya ji tausayinsu, ya ji haushin kansa. Ya buɗe ido a hankali ya ce, "Ina ne nan?" don dai a cika ƙa'idar suma.

"Inda bakinka ya kawo ka," in ji matarsa, tana rufa masa mayafinta a kan wandon.

Ya cire usur daga wuyansa ya miƙa wa Shugaba tun kafin ta tambaya. Ta karɓa, ta jujjuya shi, ta dubi mai duba makarantu, sannan ta mayar masa.

"Daga gobe darasi ya koma hannun sabon malami. Amma in suka fara irin gudun da na gani yau, ban san mai tsayar da su ba in ba kai ba. Riƙe abinka. Shi zai tashe su, kai ka tsayar in lokaci ya cika. Sai dai da sharaɗi ɗaya."

"Na sani, ranki ya daɗe," in ji shi. "Zan rufe."

Magini ya ce asara ce a fasa daɓen nan, aka bar shi. A kansa Malam Barewa ke ajiye kujera kowace safiya, ya juya wa fili baya, ya rufe ido, ya saurari ƙafafu tamanin na dukan ƙasa, da ihu, da dariya. A ɗakin malamai labarin mita ɗari huɗu ya mutu, wani ya gaje shi. Yanzu in ka zauna kusa da shi cewa yake, "Ka gan ni nan? Daga makaranta zuwa asibiti minti biyu, a kwance, ko ƙasa ban taka ba. Nemo mini wanda ya taɓa yi." Kuma shi ke riga kowa dariya.

Malamin lissafi ne kaɗai abin bai yi wa daɗi ba, don darasinsa ne ke biye. Ya kai ƙara cewa kullum sai an ci masa minti goma, yara su shigo jiƙe da gumi suna murmushi. Aka kira Malam Barewa ofis.

"Malam, me ya sa ba ka busawa a kan lokaci?" in ji Shugaba.

Ya shafa usur ɗinsa, ya ɗan karkata kai wajen taga, inda ake jiyo hayaniyar fili.

"Ranki ya daɗe, ku kuka ce in rufe ido. Da wanne zan ga agogo?"